Daga Shamus zuwa Dirki: Tarihin Wurin Tsafin Kano da Yadda Fada ta Gaje Shi

A ƙasar Hausa ta dā, duwatsun da suke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili su ne wuraren da jama'a suka fara taruwa suna kafa mazauni, domin a gindinsu akan sami ruwa da ƙasar noma, a jikin wasunsu akan sami tama, wato ɗanyen ƙarfen da ake narkawa, a kansu kuma akan sami mafaka ranar da mahara suka zo. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya ƙara wani dalili a kan waɗannan, cewa mutanen wancan zamani sun ɗauki irin waɗannan duwatsu a matsayin mazaunin iskoki, wato halittun ɓoye da ake nema wa yarda ta hanyar yanka, saboda haka duk wanda ya san sirrin iskan dutse shi ne yake da bakin magana a kan waɗanda ke zaune ƙarƙashinsa. Haka abin yake a Kufena ta Zazzau da Kwatarkwashi ta Zamfara, kuma alamunsa ba su ɓace ba a gabashin tsohuwar ƙasar Kano, yankin da ya zama Jihar Jigawa a shekarar 1991. Labarin kafuwar Dutse yana farawa ne da wani maharbi, Duna Magu, wanda ya sami duwatsun Garu cike da gada ya zauna, a Birnin Kudu kuma akwai zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa tare da duwatsu masu amo waɗanda ake kaɗawa kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950. Sai dai a duk wuraren tsafin wannan ƙasa, guda ɗaya ne aka rubuta tarihinsa sarki bayan sarki, tun daga kafuwarsa har ƙarshensa, shi ne na Tsumburbura da ke kusa da dutsen Dala.

Sunan Tsumburbura da na Barbushe ba baƙi ba ne ga duk wanda ya yi makarantar firamare a Arewa, amma labarin da aka saba bayarwa gajere ne ƙwarai: akwai gunkiya, akwai bokanta, sai Musulunci ya zo aka rushe ta. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya tsaya a zamanin Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, yana ba da labari mai tsawo da sarƙaƙiya fiye da haka. A cikinsa an kai wa wurin tsafin hari ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo abin da ya biyo baya ba mutuwarsa ba ce, matsowarsa ce kusa da fada. Shekarun da ake liƙa wa sarakunan farko lissafi ne da Palmer ya yi da baya-baya daga tsawon mulkin kowane sarki, don haka sun fi amfani wajen nuna wa ya riga wa fiye da tsayar da ainihin shekara.

Littafin ya danganta asalin wurin ga wani mutum mai suna Dala, baƙo ne wanda ya zo ya gina gida a kan dutsen da ya ɗauki sunansa, ya haifi 'ya'ya bakwai, huɗu maza uku mata, babbansu Garageje, kuma ta wannan zuri'a ne ilimin tsafi ya gangaro har ya iso ga Barbushe ɗan Buzame. An siffanta Barbushe da ƙato baƙi, maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, irin siffar da almara take bai wa duk wanda ta ɗauka tushen al'umma. Abin da binciken ƙasa ya tabbatar bai kai wannan armashi ba, amma ya fi shi nauyi: an tono ragowar matoyar ƙarfe a Dala wadda awo ya nuna ta kai ƙarni na 7 na Miladiyya, abin da ke nufin maƙera da masu narka tama sun shafe ɗaruruwan shekaru a wurin kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda ake sa farkon mulkinsa a 999.

Abin bautar kansa ba mutum-mutumi ba ne, kamar yadda kalmar gunki take sa mai sauraro ya zata. Itaciya ce da ake kira Shamus, a wani wuri mai suna Kakuwa, an kewaye ta da katanga, akwai mai tsaro da yake kwana yake wuni a gefenta, ana ce masa Mai Tsumburbura, kuma babu mai shiga cikin katangar sai Barbushe shi kaɗai, domin an yi imani cewa duk wani da ya shiga ba zai fito da rai ba. Barbushe ba ya saukowa daga Dala sai kwana biyu a shekara. Idan lokacin ya ƙarato, maza da mata sukan zo daga kowace kusurwa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin dutsen da yamma, in dare ya yi Barbushe ya fito da makaɗansa ya ja su zuwa wurin itaciyar, a yanka abin da aka kawo, shi ya shiga ciki, jama'a kuwa su yi ta kewaya katangar har gari ya waye, sa'an nan ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekarar da ke tafe. Wannan bayani da kansa yana gyara wani kuskure da ya yaɗu, na cewa a ƙololuwar Dala Tsumburbura take, domin da a can take da Barbushe bai buƙaci saukowa ba. Dutsen gidan boka ne, itaciyar kuwa a ƙasa take, cikin filin da birni ya cinye daga baya.

Mai karatu da lura zai ga hannun marubuci Musulmi a ko'ina cikin wannan sashe. Ya kira kwanakin bikin da sunan Idi biyu, ya kira daren taron jajibere, ya sa wani mai suna Ibrahim cikin manyan mabiyan Barbushe, sa'an nan ya sanya a bakin bokan wani duba da ya yi daidai da abin da ya faru ɗaruruwan shekaru bayansa, cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, a sare itaciyarsu, a gina masallaci. Duban da ya dace da tarihi har haka ya fi kama da abin da aka tsara bayan an ga ƙarshen al'amari, kuma amfaninsa a fili yake: yana sa tsohon addini ya shaida da bakinsa cewa mulkin gidan Bagauda da zuwan Musulunci ƙaddara ce da shi ma ya sani. Amma wannan bai sa a watsar da sashen duka ba, domin baƙaƙen dabbobin yanka da itaciyar da iska ke zaune a ciki abubuwa ne da masu bincike suka tarar da idonsu a wajen Maguzawan ƙasar Kano a ƙarni na 20.

Wurin tsafin bai tsaya ga bikin shekara ba, shi ne ginshiƙin da ya haɗa ƙungiyoyin da ke zaune a duwatsun kewaye, irin su Gwauron Dutse da Magwan da Jigirya da Fanisau, kowanne da shugabansa amma duk suna amsa kiran Dala. Littafin ya kuma lissafa shugabanni goma sha ɗaya waɗanda kowannensu ke riƙe da sana'a kuma yake kan wata zuri'a, daga cikinsu akwai Gijigiji maƙeri, da Bugazau mai dafa giya, da Hamburki mai magani, da Awar mai gishiri wanda kuma shi ne Sarkin Ruwa, da Maguji mai haƙar tama da narka ta, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa. Wannan danganta suna ta almara ce, domin masana da yawa suna ganin kalmar ta samo asali ne daga Majusu ta Larabci, sunan da fikihu yake bai wa wani rukuni na waɗanda ba Musulmi ba da ake barinsu kan addininsu a karɓi jiziya daga gare su. Ko ta ina aka ɗauke ta, jerin yana nuna al'umma mai rabon aiki wadda ba ta da sarki, tana da boka.

Zuwan Bagauda bai kawar da wannan tsari ba, ya dai haifar da iko biyu a ƙasa ɗaya, na masu doki da takobi da na masu sirrin itaciya, kuma kusan shekara ɗari uku aka yi ana wannan zaman doya da manja. Gijimasu, wanda ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, ya bi hanyar kyauta da lallashi. Guguwa, wanda ake sa mulkinsa daga 1247 zuwa 1290, ya nemi a gaya masa sirrin aka ƙi. Wurin kuwa yana da sashe na biyu, wato Kurmin Baƙin Ruwa, kurmin da ya kewaye ruwan Jakara. An ce rassan itatuwansa ba sa motsi sai in masifa na tafe, sa'an nan a ji ƙara sau uku, hayaƙi ya tashi daga Tsibiri, wato tudun da ke tsakiyar ruwan, sai a yanka baƙin kare a gindin Tsumburbura, a yanka baƙin bunsuru a kurmin, in ƙarar da hayaƙin sun tsaya an tsira, in sun ci gaba masifar ba makawa. Da Guguwa ya yi niyyar afka wa wurin, labarin ya ce ya ga wani mutum riƙe da jan maciji, ya makance. Magajinsa Shekarau ya zaɓi sulhu duk da matsin da fadawansa suka yi masa, ya bar masu tsafin da al'adunsu a kan su riƙa kawo gaisuwa.

Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya karya wannan sulhu. Ya fito da mayaƙa ya fasa katangar, wani jarumi mai suna Bajeri ya shiga ya tarar da mutumin nan mai jan maciji ya jingina da itaciyar, ya soke shi da mashi, mutumin ya fita da gudu ya faɗa ruwa, ya tsere zuwa Dankwai. Abin da ya biyo baya shi ne mafi muhimmanci a duk tarihin wurin, kuma shi ne aka fi tsallakewa idan ana ba da labarin. Kowa ya gudu sai mutum biyu, Makare da Danguzu, sarki ya tambaye su sirrin abin bautarsu suka gaya masa, shi kuwa maimakon ya kashe su sai ya naɗa su sarauta: Danguzu ya zama Sarkin Tsibiri, Makare ya sami tasa, wani mai suna Gamazo ya zama Sarkin Kurmi. Tsamiya bai sare itaciyar ba, kuma babu alamar cewa ƙyamar tsafi ce ta fito da shi. Abin da ya ƙi shi ne a ce akwai wani sirri a ƙasarsa da ba ya hannunsa, kuma daga ranar nan aikin da Barbushe ya gada daga kakanninsa ya koma muƙamin da sarki ke bayarwa, ya kuma iya ƙwacewa.

A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa, wato malamai 'yan kasuwa daga ƙasar Mali, suka iso ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, sarki ya karɓi salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar nan ita kanta. Masu tsohon addini sun riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin, aka sa masu gadi abin bai tsaya ba, har sai da malaman suka yi addu'a masu aikin suka makance. Yana da kyau a lura cewa makantar da ta sami Guguwa saboda taɓa itaciya ita ce ta sami waɗannan saboda taɓa masallaci, wato mai labarin ya ɗauki hukuncin wurin ya juya shi ga tsofaffin masu shi. Yaji ya kuma ci Santolo, dutsen da ke kudu maso gabashin birni wanda ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano, kuma daga ɗakin tsafinta aka kwaso ƙararrawa da ƙaho biyu da gatarin yaƙi da mari aka kai wa sarki. Nan ma kayan tsafin kwasowa aka yi, ba ƙonawa ba.

Cewa sarautar Tsibiri ba suna ba ce kawai ya bayyana a zamanin Kanajeji ɗan Yaji, daga 1390 zuwa 1410, sarkin da aka ce shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Da Zazzagawa suka kore shi a yaƙi, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, shi kuwa ya ce masa ya mayar da abin da ubansa da kakansa suka rushe. Aka sari reshe daga itaciyar aka tarar da jan maciji a ciki, aka kashe shi aka yi huffi da fatarsa, wato takalman fata masu rufe ƙafa, aka sassaƙa dundufa huɗu da kurkutu takwas daga reshen, aka jefa su cikin ruwan Dankwai kwana arba'in, sa'an nan aka kai su gidan Sarkin Tsibiri, wanda ya tuɓe riga ya sa huffin ya kewaya itaciyar sau arba'in yana rera waƙar Barbushe, sarki ma ya yi yadda ya yi. Da shekara ta kewayo Kanajeji ya koma ya ci Zazzau ya kashe sarkinta. A nan tsafin ya sake kama: dā wuri ne da dukan jama'a ke zuwa neman labarin shekara, yanzu ya zama kayan da ake ɗauka, ganguna da takalma, aikinsu nasarar sarki a fagen fama.

Saboda haka lokacin da Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya sare itaciyar bisa umarnin Shehu Magili, malamin da ya zo daga Arewacin Afirka ya rubuta masa littafi kan yadda sarki Musulmi ya kamata ya yi mulki, aka kuma gina hasumiya a gurbinta, abin da aka sare ya riga ya rage nauyi, domin sirrin ya daɗe da barin gindin itaciya. Rumfa ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi a gefen Jakara, sunanta ma daga kurmin nan ne, ta yadda wurin da ake tsoron kusanta ya zama wurin da fatake daga Barno da Agadas da Gwanja suke sauke kaya. A wannan ƙarni ne ikon Kano ya miƙa gabas sosai, har Abdullahi Burja, wanda ya riga Rumfa, ya zama sarkin farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse.

Siffa ta ƙarshe da al'adar ta ɗauka ita ce mafi ban mamaki. A zamanin Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618, lokacin da yaƙin Katsinawa da harin Kwararrafa suka matsa wa Kano, aka ƙirƙiri Dirki, wani ƙunshi ne da aka lulluɓe da fatu ake yi masa yankan shanu domin kare sarauta da gari. Ba shi kaɗai ba ne shaidar cewa sarakuna Musulmi suna komawa ga tsohuwar hanya in tura ta kai bango, domin Kukuna, a tsakiyar ƙarni na 17, bayan Kwararrafa sun sake shiga birni, ya kira Maguzawa suka kwana ashirin da ɗaya suna wasanninsu, ya sallame su da kyauta mai yawa ya ce su dawo baɗi. Kusan shekara ɗari biyu Dirki yana cin shanunsa, har zuwa zamanin Muhammadu Alwali, daga 1781 zuwa 1807. Yunwa ta faɗa wa ƙasa, manyan fada suka tambaye shi dalilin da ya sa ya hana Dirki shanu, ya ce ba zai iya ba da shanu arba'in ba, suka gargaɗe shi cewa sarkin da ya hana wani abu zai same shi, shi kuwa ya fusata ya aiki samari suka sassare ƙunshin da gatura, sai ga Alƙur'ani mai kyau a ciki. Littafin da ya kori tsafin itaciya shi ne aka naɗe da fata aka yi wa hidimar da ake yi wa itaciyar.

Irin wannan gauraya ce malaman jihadi suka kafa hujja da ita a kan sarakunan Hausa, kuma ita ce ƙashin bayan muhawarar da aka yi ta wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, inda Bello ya ɗauki yanka ga itatuwa da duwatsu a matsayin kafirci, Laminu kuwa ya ce saɓo ne da jahilci waɗanda ba su halatta yaƙar Musulmi ba. Abin da ya sa labarin Alwali ya yi ɗaci shi ne, shi ne sarkin da ya fasa Dirki, ko da dai rowar shanu a shekarar yunwa ta sa shi ba wa'azi ba, kuma shi ne jihadin da ya fara a 1804 ya kora daga birni, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Marubucin Tarihin Kano ya jera abubuwan biyu ɗaya bayan ɗaya bai ce wannan ne ya jawo wancan ba, ya bar mai karatu da gargaɗin fadawan yana yi masa amo a kunne.

Da faɗuwar gidan Alwali tsafi ya fita daga fada, amma ya ci gaba a karkara, cikin gidajen Maguzawa, waɗanda sabuwar gwamnati ta bari kan addininsu tana karɓar jiziya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya kuma buga littafinsa a 1946, ya tarar babu wani babban boka na ƙasa baki ɗaya, maigida ne yake yanka wa iskokin gidansa, kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta, kuma su kansu iskokin an raba su farfaru da babbaƙu, farfarun ana ɗaukarsu Musulmi. A birni kuwa Dala yana nan a tsakiyar unguwanni da matakalar da aka yi masa domin masu hawa kallon gari, kasuwar Kurmi tana ci, Jakara kuma an ɗaure ta da siminti, ta zama magudanar da ke kwashe ruwan tsohon birni.